Shekarar da Motarmu Ta Daina Gurfana

Nana, Sa'adu, Rabi, domin ku ukun nan na zauna rubuta wannan babin. Ranar sadakar arba'in ta mahaifiyarku ina kishingiɗe a zaure, kuna tsammanin barci ya ɗauke ni, na ji Rabi tana cewa da ba don Yaya Lawali ya sa an lalata motar nan ba, da Inna ba ta yi damina guda a zaune ba har ƙafarta ta ƙarasa sandarewa. Nana ta ce haka ne. Sa'adu ya yi shiru, shirun Sa'adu kuwa na san shi tun yana cikin zane, yarda ce. Ban tashi na tanka muku ba, don ranar bakina ba shi da ƙarfin doguwar magana. Ban kuma ga laifinku ba. A shekarar da abin ya faru Nana tana ɗakinta a Mirriya, Rabi tana Magarya, Sa'adu yana karatu a Yamai, labarin a wayar salula kuka ji shi, guntu-guntu. Mutum biyun da suka san shi ciki da waje, ɗaya ta riga mu gidan gaskiya, ɗayan kuma ko za a yanka shi ba zai buɗe baki ba. Saura ni.

Motar a Damagaram na saye ta, hannun wani ma'aikaci da aka mayar Yamai. Babbar kat-kat ce, irin mai ja da ƙafa huɗu, fara, ta sha hannu amma da sauran kyanta. Ni mai sayen rake ne da aya a ƙauyuka, abin da nake nema kawai mota mai shiga yashi ba ta kafe ba. Da na kawo ta Matamaye na wuce da ita garajin Idi, bakaniken da ya daɗe yana duba mini motoci. Ya zagaya ta, ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya fito yana kakkaɓe riga yana girgiza kai.

"Alhaji, wannan motar a kan iska take zaune."

"Kowace mota ai a kan iska take zaune, Idi. Me ke cikin taya, fura?"

"Ban da taya nake nufi. Ba ta da rasor, ƙarfen nan mai ɗaukar nauyin mota, irin na sauran motoci. Balo ne na roba a kowace ƙafa, da kwamfuresa mai hura su. Ta ƙasar masu sanyi ce, inda babu ƙaya."

Ya shiga ya danna wani maɓalli kusa da giya. Motar ta yi ajiyar zuciya, ta sauka a hankali har ta kusa taɓa ƙasa, kamar raƙumin da aka ce wa ya gurfana. Ya sake dannawa, ta yi gurnani ta miƙe. Na yi dariya har da tafi. Idi bai yi ba. Ya ce ranar da ta gurfana ta ƙi tashi in tuna ya faɗa mini, ni kuwa na ce masa shi dai bai taɓa ganin abu mai kyau ya bar shi da kyansa ba.

A lokacin mahaifiyarku ta riga ta yi faɗuwar nan ta bayan gida wadda ta gurɗe mata ƙugu. An yi ɗori, an je likita, ta tashi tana tafiya da sanda, amma ƙafar dama ba ta ɗaguwa ta tsallake ko taɓarya. Kun san ta, mace ce mai jiki, kuma mai tsare girmanta. Tun daga faɗuwar ba ta ƙara shiga mota ba. Ƙananan motoci da za ta iya zama a cikinsu ba sa ratsa yashin garinsu, manyan kuma sun yi mata tsawo. Abin da ya fi ci mata rai ke nan, don a can bayan Tsauni, a ƙauyen da aka haife ta, akwai Yaya Tsahara. Ku kun san ta tsohuwa makauniya mai ba ku gyaɗa, amma ita ce ta goyi mahaifiyarku bayan uwarsu ta rasu, ita ta yaye ta, ita ta kai ta ɗakina. Da idonta ya rufe, kunnen ma ya yi nauyi, sai ta kafa wata doka: ba mai taɓa mata kai sai Barira, wato mahaifiyarku. Jikoki sun cika gidan, matan 'ya'yanta duk sun iya kitso, ta ce a'a. Kafin faɗuwar, Hajiya takan je ta tsefe mata, ta wanke, ta kitse, ta yanke mata farce, su yi hira ta hannu da hannu.

Ranar da na shigo da motar gida, na tsayar da ita a tsakar gida na danna maɓallin nan don in burge yara. Hajiya tana zaune a kan tabarma tana tsintar shinkafa. Ta dubi motar, ta dubi kujerar gaba da ta sauko daidai ƙugunta. Ta jawo sanda ta miƙe, ta zo ta buɗe ƙofa, ta juya baya ta zauna, ta sa hannu biyu ta ɗauko ƙafar daman ta shigar da ita.

"To, Alhaji, tsayuwar me kake yi? Kai ni wurin Yaya."

Haka muka fara tafiyar Laraba. Zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, a cikin motar nan na san matar da nake aure. Gidanmu tun farko a cike yake. Mahaifiyata tana nan, ku kuna nan, ga baƙi, ga masu ɗaukar rake suna jiran abinci a zaure. Maganarmu ba ta wuce ta cefane da ta wane ba shi da lafiya. Sai ga mu mu biyu a hanyar Tsauni, gilashi a rufe, ba mai sallama, ba mai kuka. Da mun wuce gidajen ƙarshe na gari takan sassauta gyale ta fara. Ta ba ni labarin yadda ta so shiga lakwal, makarantar boko, aka hana ta, da yadda take jin tsoron mahaifiyata a shekarar farko har ba ta iya haɗiye tuwo a gabanta. Ta koya mini sunayen gonakin danginsu ɗaya bayan ɗaya. Ta yi ta kushe tuƙina, wai ina bin rami kamar na ajiye wani abu a ciki, alhali motar tana shanye ramin ko fura ba ta zuba. Wata rana muna tsakiyar garakan rake ta ce mini atamfa mai ruwan ɗorawa da nake saya mata kowace Sallah ba ta taɓa sonta ba.

"Shekara da shekaru ina saya, ba ki faɗa ba?"

"Yaushe ka zauna da zan faɗa?"

Sai ta yi ta dariya har da share hawaye. A ƙauyen nakan tsaya bayan danga in saukar da motar, ta fita da kanta, ta shiga wurin Yaya Tsahara, ni in tafi harkar rakena. In na dawo nakan same su a inuwar ɗaki, kan tsohuwar a kan cinyar Hajiya, ba mai magana. Ina kewar waɗannan Larabobin fiye da yadda zan iya rubutawa. Har yau in na bi hanyar nan nakan rage gudu a wuraren da ta saba cewa in rage.

Maganar Idi ba ta faɗi ƙasa ba, jinkiri dai ta yi. Bayan 'yan shekaru sai na fara fitowa da safe in tarar da motar ta karkace gefe guda, sai an tayar da ita ta yi ta gurnani kafin ta daidaita. Idi ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa wa balon, muka tsuguna muna kallon kumfa tana tasowa daga tsagar roba. Zafin ƙasarmu ya busar da ita, yashi ya goge ta. Lawali a lokacin yana zuwa ci-rani Kano, yana aiki a kasuwar kayan mota, shi ya aiko da wani balon. Aka sa, ya yi kwanakinsa, sai na ɗaya ƙafar ya buɗe. Aka sa wannan, kwamfuresa ta fara shaƙewa. Idi ya ce mini akwai magani guda, a cire balon duka huɗu a sa rasor da amortisa irin na kowace mota, wanda mutanen Kano ke kira shokazoba, a huta. Na tambaye shi ko za ta riƙa sauka bayan nan. Ya ce a'a, yadda aka tsayar da ita haka za ta dawwama. Na ce to kada ya ƙara kawo mini wannan magana.

Sai bazarar nan ta zo. Sahiya matar Lawali ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, a wani ƙauye gefen Icirnawa. Wata rana da hantsi mahaifinta ya kira ni, ya ce naƙuda ta yi tsawo, ungozoma ta ce a kai ta likita. A duk unguwarmu da ƙauyukan da nake hulɗa da su, in irin wannan ta taso ni ake kira, don motata ce mai shiga ko'ina. Na tafi a guje, muka kwantar da yarinyar a baya, uwarta ta riƙe mata kai. Mun baro ƙauyen, muna tsakiyar wani kwari mai yashi, rana ta take, sai na ji fuuu daga baya. Gindin motar ya zauna. Na danna maɓalli, kwamfuresa ta yi kuka ta yi shiru, gaban ma ya bi. Cikin motar ya kwanta a kan yashi, tayoyi suna juyawa a banza. Na tona da hannu har farcena ya fashe. Daga ƙarshe amalanken shanu aka samo daga wata gona, a kanta aka kai Sahiya bakin kwalta, muka tsayar da motar haya. Allah Ya tsayar da kwanan yarinyar, amma abin da ta haifa bai zo da rai ba. Namiji ne. Na tambayi likitan ko da mun iso da wuri da an same shi, ta ce wannan sanin sai Allah.

Lawali ya taso daga Kano. Ku saurara da kyau, nan ne kuka ɗauki labarin a karkace. Tun da ya zo bai ambaci mota ba, ko kallon inda aka jawo ta aka ajiye bai yi ba. Ya yi mini gaisuwa, ya tafi wurin matarsa. Mahaifiyarku ce, bayan an share makoki, ta aika a kira mata Idi. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta, ni ina tsaye.

"Idi, an ce akwai ƙarfen da ake sa wa motar nan ta daina kwanciya a hanya."

"Akwai, Hajiya. Amma in na sa, ba za ta ƙara sauko miki ba fa."

"Na ji. Ƙarfen yana sacewa?"

"Ƙarfe ba ya sacewa, Hajiya. Ko ya gaji, zai kai mutum gida."

"To ka sa."

Na ce Idi ya ba mu wuri. Na shiga na zauna a bakin gado, na ce mata ba sai an yi haka ba. Zan sa a kawo sababbin balo, a canja kwamfuresa, in riƙa kai ta dubawa kafin kowace tafiya. Ta bar ni na gama.

"Ka sa sabo, ya fashe. Ka sake sa sabo, ya fashe. Gobe wa za ka ɗauko?"

"Ke fa? Yaya Tsahara fa?"

"Ni kitso nake zuwa yi, Alhaji. Yarinyar nan haihuwa ta tafi yi."

Na yi fushi, ba zan ɓoye muku ba, don na san abin da zan rasa ni ma. Na yi kwanaki ina ja, ita kuwa ta daina shiga maganar gaba ɗaya, kun san yadda take yi. Da na gaji na gaya wa Lawali abin da ta yanke. Shi ne ma ya tsaya yana cewa a sake tunani, ko a nemi wata dabara. Na ce umarninta ne. Sannan ya koma Kano ya zaɓo kayan da hannunsa, ya ɗauko su a mota ya kawo. Abin da kuka gani ke nan kuka ce shi ya lalata ta. Na zauna a garajin Idi ranar da aka yi aikin. Aka ɗaga ta, aka kwance ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, aka zaro balon nan baƙaƙe duk sun yamutse, aka ɗaura rasor da amortisa, aka cire wa kwamfuresa waya. Wata fitila ta kama a tablo, gaban sitiyari, ta ƙi mutuwa, wai motar tana neman iskarta, Idi ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta. Da aka sauke ta ƙasa ta tsaya ƙyam, doguwa. Na shiga na danna maɓallin, don dai in ji. Ba abin da ya motsa.

Aikin ya yi kyau, in ba Idi haƙƙinsa. Motar ta ƙara tauri, rami yana dukan baya yadda bai saba ba, amma daga ranar ba ta ƙara zaunar da ni a hanya ba. A daminar nan kaɗai ta ɗauki mata masu naƙuda da wani yaro da maciji ya sara, duk ta kai su. Sai dai kujerar gaba yanzu tana daidai ƙirjin mahaifiyarku. Na sa maƙeri ya yi matakala, ƙafar ta ƙi ɗaguwa. Na sa magini ya yi tudu mai gangara da bulo a tsakar gida, ta hau da sanda har rabi, ƙafar ta zame, da ba don bango ba da mun sake komawa wurin mai ɗori. Mata biyu na maƙwabta suka gwada tallafa ta, suka murɗe mata ƙugun ta kwana tana nishi. Ni kaina na gwada, bayana ya ce bai san zancen ba. Daga nan wata dabara ta zo mini wadda na ɗauka ta fi duka. Na ce a tona ƙasa a tsakar gida, motar ta gangara ciki, kujerar ta dawo daidai.

"Ba za a haƙa mini rami a gida ina da rai ba," in ji ta. "Ka bari lokacin ya yi."

Ban ƙara tayar da maganar ba. Lawali yana gida a lokacin, ya dawo noma kamar kowace damina. Ya same ni a gona ya ce, idonsa a ƙasa, in ta yarda shi zai iya ɗaukar ta, ai buhunan da yake ɗagawa a kasuwa sun fi ta. Ku 'yan baya ba za ku gane nauyin wannan magana ba, don ku ta rungume ku, ta kira sunayenku, ta zage ku, ta ci abinci kwano ɗaya da ku. Lawali ɗan fari ne. Ranar da aka yaye shi mahaifiyata ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Hajiya ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, har ta fi matan zamaninta. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, wancan take cewa. In ya shigo gaishe ta takan kau da kai ta amsa wa bango. In tana so ya ci wani abu, sai ta ba Rabi ta ce ta kai wa yayanta, kada ta ce daga ina. Ranar da aka kawo labarin ya yi hatsari a hanyar Kano, ta shiga ɗaki ta rufe ta yi kuka har muryarta ta dushe, da ya dawo da ƙafarsa kuwa ko sannu ba ta ce masa ba. Tun yana ɗan shekara biyu hannunta bai taɓa jikinsa ba. Duk da haka na kai mata saƙon.

"Ka ji wani zance," ta ce. Ta juya ta ci gaba da lazimi.

Haka damina ta wuce mana. Laraba ta zama rana kamar kowace. Nakan fita harkata ni kaɗai, kujerar gefe ba kowa, in kunna rediyo in kashe. Mun gwada ɗauko Yaya Tsahara, da yake ita ba ta da nauyi, jikokinta suka sa ta a mota. Ta yi ta amai a hanya, ta iso ba ta san inda take ba, tana lalube tana neman ƙofar ɗakinta a bangon da ba nata ba. Hajiya da kanta ta ce a mayar da ita, kada a sake. Aka koma salula. Jika ya kara wa tsohuwar a kunne, Hajiya ta yi ta ɗaga murya, Yaya, ni ce, Barira ce, can kuma sai ka ji tana tambayar wa ke magana. In na je ƙauyen na dawo, ba ta tambayata lafiyar kowa sai ta fara da wannan:

"Ka ga kanta?"

"Da ɗankwali."

"Ba ta bari an taɓa ba ke nan."

Ta rame a watannin nan. Takan zauna a ƙofar ɗaki da la'asar ta fuskanci inda motar take, matsefi da kibiya a cikin ɗan kwanon da take ajiye su, a gefenta. Ban taɓa jin ta ce ta yi nadama ba. Sau ɗaya dai, da na dawo daga kai matar maƙwabcinmu Malam Hamza likita na ce mata an sami 'ya mace, ta ce alhamdu lillahi, sannan ta daɗe tana kallon hannuwanta.

Aka yi girbi, aka ɗaure gero, 'yan ci-rani suka fara haɗa kaya. Lawali ya riga ya yi sallama da mutane, jakarsa tana zaure. Da safen nan babban ɗan Yaya Tsahara ya kira ni. Ya ce tsohuwa ta daina cin abinci, kuma tun jiya ta cire ɗankwali ta ajiye, ta zauna a bakin gado ta ce Barira tana hanya, kada a rufe ƙofa. Na shiga na gaya wa mahaifiyarku kamar yadda aka gaya mini, ban rage ba. Sai ta ce in miƙo mata babban mayafinta. Ta yafa, ta ɗauki kwanon kitso, ta dogara sanda ta fito har gefen motar. Ta ce in kori yara, in rufe ƙofar gida. Na yi.

"Wancan ya tafi?"

"Yana zaure."

"Ce masa ya zo."

Ya shigo, ya cire takalmi kamar mai shiga masallaci. Ta ja mayafin ta rufe fuskarta ruf. Ya tsaya a gabanta bai san ta inda zai fara ba, gardin da yake ɗaga injin mota. Ni na nuna masa, nan ƙugun yake, ka bi ta hagu. Ya sunkuya ya ce bismillahi, ya sa hannu ɗaya a bayanta ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, ya ɗaga. Sandar ta faɗi. Da ta ji ƙafarta ta bar ƙasa sai hannunta ya kai wuyansa ya riƙe. Ya ajiye ta a kujera a hankali, ya gyara mata ƙafar, amma hannun bai sake shi nan da nan ba. Na ga yatsunta suna bin ƙeyarsa, suna shafa wani tsohon tabo da ya samu yana yaro, wanda labarinsa kawai ta ji. Na juya na shiga neman sandar, ko da yake tana gabana.

Shi ya tuƙa, ni na koma baya. Mun sami Yaya Tsahara a zaune yadda aka ce, gashin ya cukurkuɗe ya zama dunƙule. Lawali ya sauke mahaifiyarku bayan danga inda ba idon mutane. Ta shiga, ta zauna, ta jawo kan ta ɗora a cinya. Tsohuwar ta lalubi hannun, ta shinshina shi, ta ce kin daɗe. A ranar ta sha kunu. Lawali bai je Kano ba a ranin nan, jakarsa ta koma ɗaki. Kowace Laraba nakan rufe ƙofar gida, ya ɗauke ta ya sa, ya sauke, har Allah Ya karɓi Yaya Tsahara da sabon kitso a kanta. Ku kun ɗauka ta tudun bulon nan take hawa. Ba wanda ya gyara muku, don ta ce kada a faɗa, ni kuma na riƙe har ta tafi.

A hanyarmu ta dawowa a ranar farkon nan, rana ta yi sanyi, motar tana ta dukan rami. Tana gaba, fuskarta a wajen taga, shi yana riƙe da sitiyari, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba. Mun kusa shiga gari sai ta ɗan waiwayo wajena.

"Alhaji, tambaye shi ko na yi masa nauyi."

Lawali bai ɗauke ido daga hanya ba.

"Baba, ka ce mata a'a. Ka ce mata ko kaɗan."

Ban isar da saƙon ba, don na ga mayafin yana rawa. Yau da za a ce in zaɓi rana guda a mayar da ni, ba zan zaɓi ranar da na sayi motar ba, ko ranar da na sauka Makka. A mayar da ni kujerar bayan nan, rami yana dukana, suna aike na.